Ɗanki Mai Ciwon Sukari da Horon Malam a Makaranta

Gaisuwa ta musamman ga mutanen Gwarzo da Getso da Kutama da Lakwaya, da na Kabo da Garo da Durun, don yau hirar tamu ta karkata ne ɓangarenku, ko da yake abin da za mu faɗa ya shafi kowace uwa a ko'ina take.

Yau za mu yi magana ne a kan yaro mai ciwon sukari idan ya shiga aji. Ke kina gida, kin san lokacin allurarsa, kin san lokacin abincinsa. To amma daga ƙarfe 8 na safe zuwa azahar yana hannun malamin boko, da yamma kuma yana hannun malamin islamiyya. A waɗannan sa'o'i idonki ba ya kansa. Idan malamin bai san halin da yaron yake ciki ba, zai iya hukunta shi a kan abin da ciwo ne ya sa shi, kuma hukuncin ya zama sanadin kwanciya asibiti.

Bari mu fara da shi kansa ciwon. Da yawanmu mun ɗauka ciwon sukari na tsofaffi ne da masu ƙiba. Wannan shi ne nau'i na biyu. Akwai nau'i na ɗaya, wanda ya fi kama yara da matasa. A bayan tumbi akwai wata gaɓa da likitoci ke kira fankiriyas, ita ke samar da sinadarin insulin. Aikin insulin shi ne ya shigar da sukarin abincin da muka ci daga jini zuwa cikin tsoka da sauran sassan jiki, don su samu ƙarfi. A jikin yaro mai nau'i na ɗaya, wannan gaɓa ta daina samar da insulin. Sai sukari ya taru a jini, jiki kuma yana fama da yunwa. Ki kwantar da hankalinki, ba shan alewa ko rake ne ya jawo masa ba, ba sakacinki ba ne, kuma ba a ɗaukarsa ta cin abinci tare ko zama a benci ɗaya.

Kafin shekarar 1921 yaron da ya kamu da wannan nau'i ba ya daɗewa a duniya. A wannan shekara ce wani likita mai suna Frederick Banting da abokin aikinsa Charles Best suka gano insulin a birnin Toronto na ƙasar Kanada, a watan Janairu na 1922 kuma aka fara yi wa wani yaro allurar, ya farfaɗo. Shi ya sa kowace 14 ga Nuwamba, ranar haihuwar Banting, ake tunawa da masu wannan ciwo a duniya. Har yau babu abin da ya maye gurbin wannan allura. Duk wanda ya ce ki ajiye ta ki koma jiƙo ko sassaƙe, ran ɗanki yake wasa da shi.

To yanzu mu shiga aji. Abu biyu ne ke faruwa da irin wannan yaro: ko sukarinsa ya hau, ko ya sauka. Kowane ɗaya yana da kamannin da malam zai iya ɗauka rashin ladabi ne.

Idan sukari ya hau, ƙoda tana ƙoƙarin fitar da shi ta fitsari. Sai ki ga yaro yana yawan fitsari, yana yawan ƙishirwa. A darasi ɗaya ya ɗaga hannu sau biyu, sau uku, yana neman izinin zagayawa. Malam ya ce gudun karatu ne, ya hana shi. Yaro ya matsu, wataƙila ya saki fitsari a wando, 'yan aji su yi masa dariya, a bi shi da bulala. Gobe sai ya ce shi ba zai je makaranta ba, ke kuma ki rasa dalili. Ga kasala da gyangyaɗi, wani lokaci ma idonsa ya yi dishi-dishi ya kasa ganin allo, a ce daƙiƙi ne.

Saukar sukari ta fi gaggawa. Tana faruwa idan an yi allura amma yaro bai ci isasshen abinci ba, ko lokacin cin abincin ya wuce, ko ya yi aikin ƙarfi fiye da yadda ya saba. A na'urar gwaji, duk abin da ya yi ƙasa da 70, ko ƙasa da 4 a ɗaya ma'aunin, sukari ya sauka. Alamominsa su ne rawar jiki, gumi mai sanyi, yunwa mai tsanani, jiri, ciwon kai da bugun zuciya. Ƙwaƙwalwa da sukari take aiki, saboda haka da ya yi ƙasa sai halin yaro ya canja. Mai biyayya ya koma mai tsiwa, a kira shi ya yi shiru, a tambaye shi ya ba da amsar da ba ta da kai, ko ya fashe da kuka ba dalili. Malamin da bai sani ba zai ce taurin kai ne.

Yanzu ki dubi irin horon da aka saba yi a makarantunmu. Wanda ya makara a sa shi tsallen kwaɗo, ko ya zagaya fili da gudu. Wanda ya yi surutu ya durƙusa a rana ya ɗaga hannu. Wanda bai yi aikin gida ba a hana shi fita tara. A yaro mai allurar insulin, tsallen kwaɗo da gudu suna ƙone sukarin jininsa, hana shi fita tara kuwa hana shi magani ne, domin abincin tara na cikin tsarin da likita ya ɗora shi a kai. Ki ɗauki yaron da ya taso da ƙafa daga wani ƙauye mai nisa, ya sha koko rabin kofi don sauri, ya iso a makare, aka tare shi a bakin ƙofa da tsallen kwaɗo. Kafin ƙarfe 10 zai iya faɗuwa.

Idan ya faɗi kuwa, musamman yarinya, an san abin da ake fara faɗa: iska ce, aljanu ne. A taru a kanta, a yi ta tofi, a kira mai ruƙya, lokaci yana tafiya. Addu'a alheri ce, babu mai hana ta. Amma a yi ta tare da ba da sukari ko a kan hanyar asibiti, domin saukar sukari idan ta daɗe tana jawo jijjiga da suma, tana iya taɓa ƙwaƙwalwa, tana iya kisa.

Ga abin da ya kamata malam ya sani, ke ma ki haddace shi. Idan yaro yana cikin hayyacinsa, yana iya haɗiya, a zaunar da shi a ba shi sukari mai ƙwaya guda 3, ƙaramin yaro guda 2, ko cokali ɗaya babba na zuma, ko rabin kwalbar lemo mai zaƙi. A jira minti 15. In bai warware ba a sake ba shi. In ya warware a bi shi da abinci mai riƙe ciki, kamar burodi ko gurasa ko biskit. Kada a aike shi gida shi kaɗai, kada a tura shi ofishin hedimasta ba ɗan rakiya. Idan kuwa ya suma, kada a ɗura masa komai a baki, zai iya shaƙewa. A kwantar da shi a gefen jikinsa, a nemi abin hawa zuwa asibiti mafi kusa nan take. Haka nan idan yana amai da ciwon ciki, yana numfashi da ƙarfi da sauri, wannan alamar sukari ne ya hau matuƙa, shi ma asibiti ne ba jira. Sau da yawa ana ɗaukar wannan a matsayin zazzaɓin cizon sauro ko taifod, don haka a faɗa wa ma'aikacin lafiya a gwada sukari. Daga Gwarzo zuwa Asibitin Malam Aminu Kano ko Asibitin Yara na Hasiya Bayero tafiya ce ta fiye da awa guda, saboda haka a fara da Babban Asibitin Gwarzo ko asibitin Kabo, in da buƙata su za su tura ku birni.

Na san abin da ke ranki: ni da ba na fita, yaya zan yi da malam? Hanyoyi suna nan. Ki zauna da maigida ku shirya, ya je ya ga hedimasta da malamin aji ido da ido a makon farko na zango, ya tafi da takardar asibiti. In maigida yana tafiye-tafiye, kakar yaron ko goggonsa ta je. In akwai malama mace a makarantar, ki aika a gayyato ta gida, ki tare ta da ruwa da fara'a, ki yi mata bayani baki da baki. Ki karɓi lambar wayar malamin, shi ma a ba shi taku. Sannan a rubuta 'yar takarda da Hausa, a sa a leda a cikin aljihun yaron: sunansa, ciwonsa, alamomin saukar sukari, abin da za a ba shi, da lambar waya biyu. Kada a manta da malamin islamiyya da na allo. Duk lokacin da aka canja aji ko aka kawo sabon malami, a sake bayanin daga farko.

Abin da za ku roƙa wa yaron guda huɗu ne: a bar shi ya sha ruwa, a bar shi ya zagaya duk lokacin da ya nema, a bar shi ya ci abin da ke aljihunsa ko ana tsakiyar darasi ko jarrabawa, kuma kada a hore shi da yunwa ko rana ko aikin ƙarfi. Kowace safiya ki tabbata ya karya da kyau, ki sa masa sukarin ƙwaya a aljihu da ɗan abincin tara. Kuɗin tara kawai ba su isa ba, domin mai talla na iya ƙin zuwa. In yana da wa ko ya a makarantar, ki koya musu alamomin. In kuma makarantar kwana za ta tafi, sai an yi magana da shugabar makaranta da mai kula da ɗakin kwana a kan inda za a ajiye insulin. Zafi yana ɓata shi, ƙanƙara ma haka. Inda ba firji, ana sa shi a leda a ajiye a ƙaramar tukunyar ƙasa da ke cikin babba, da jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu, irin dabarar da Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yaɗa har ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000.

Akwai uwayen da ke ɓoye ciwon, musamman na 'ya mace, don gudun kada ta rasa mijin aure. Mun fahimci wannan tsoro. Amma 'yar'uwa, rashin sani ya fi dare duhu. Malamin da kika ɓoye wa ba zai iya ceton 'yarki ranar da ta faɗi ba. Ki roƙe shi ya riƙe sirrin, ban da waɗanda dole su sani. Mata masu wannan ciwo suna karatu, suna aure, suna haihuwa idan suna bin dokar likita.

Kada kuma a fahimce mu a baibai. Ba cewa muke yi kada a tsawata wa yaron ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In ya yi ƙarya ko ya daki ɗan'uwansa, a fara duba ko sukarinsa ne, in lafiya lau yake a yi masa faɗa, a ƙara masa aikin rubutu, ko a kira mahaifinsa. In kuma kika lura yana fakewa da ciwon don gudun karatu, ke ce za ki fara tsawata masa. Malamai ma a tausaya musu, mutum ɗaya ne da aji cike maƙil, mafi yawansu rashin sani ne ke sa su kuskure. Ki fara da lalama da godiya. In an yi bayani malam ya ƙi ji, maigida ya kai maganar wurin hedimasta, ko kwamitin iyaye da malamai, in ta ƙi ci sai ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma. Jihar Kano ta sanya hannu a kan dokar kare haƙƙin yara a shekarar 2023, saboda haka neman a kiyaye lafiyar ɗanki haƙƙinsa ne kike nema.

Sai batun azumi. Yara suna gasar azumi a islamiyya, wanda ya sha a yi masa tsiya. Addini ya yi wa mara lafiya rangwame, kuma yaro mai allurar insulin kada ya ɗauki azumi sai da yardar likitansa. A sanar da malam, don ya zama shi ne zai hana yara tsokanarsa.

Uwargida, in kin ga ɗanki ko ɗan maƙwabciya yana ramewa alhali yana ci, yana yawan shan ruwa, ya dawo da fitsarin kwance bayan ya daina, ko kiyashi na taruwa inda ya yi fitsari, a kai shi a gwada jininsa yau, kada a bari sai gobe. Gwajin ɗigon jini ɗaya ne a ɗan yatsa. Ki isar da wannan saƙo ga abokiyar zamanki da duk wadda ba ta samu sauraro ba. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya shirya mana zuri'a, ya saka wa malamanmu da alheri. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.