Digiri daban, aiki daban: Yadda sanayya ke buɗe wa matasa ƙofa

Matasa da dama a Najeriya na kammala bautar ƙasa su zauna jiran aikin da ya dace da kwas ɗin da suka karanta, shekaru na wucewa. Wasu takwarorinsu kuwa tuni suka kama aiki a wani fanni daban, sau da yawa ta dalilin wani da suka sani.

Sauya layi ba baƙon abu ba ne. Ali Nuhu ilimin labarin ƙasa ya karanta a Jami'ar Jos, amma a Kannywood ya yi suna, har aka naɗa shi shugaban Hukumar Fina-finai ta Najeriya a 2024.

Wa ke kawo labarin aiki?

A 1973, masanin zamantakewa ɗan Amurka Mark Granovetter ya nuna cewa labarin gurbin aiki ya fi zuwa daga mutanen da ake haɗuwa da su jefi-jefi, fiye da aminai na kusa. Dalili shi ne, abin da amininka ya ji kai ma ka ji shi. Tsohon ɗan ajinku da ke aikin banki, ko wanda kuka zauna sansanin NYSC tare, shi ke shiga inda ba ka shiga. Wani bincike kan masu amfani da LinkedIn miliyan 20, da mujallar Science ta wallafa a 2022, ya ƙarfafa wannan.

Sanayyar ta fi muhimmanci ga mai sauya fanni, domin takardarsa ba za ta yi masa magana ba. Mai ɗaukar ma'aikata na buƙatar wanda zai shaide shi kan amana da ƙwazo.

Bambancinsa da alfarma

Alfarma ita ce a ba ka gurbin da ba ka cancanta ba, a danne mai haƙƙi. Sanayya ta gari iyakarta a sanar da kai gurbin, a gabatar da kai, sauran kuma aikinka ne.

Saboda haka, koyi abin da fannin ke buƙata kafin ka tunkari kowa. Faɗi takamaiman aikin da kake nema, maimakon "a taimaka min da ko mene ne". Fara da neman shawara. Idan kuma aka tsaya maka, ka riƙe amana, domin mutuncin wanda ya kai ka ne a hannunka, kuma halinka ne zai sa a karɓi na bayanka ko a ƙi.