Kasagi: Ɗan Wasan da Littafinsa Ya Shiga Aji

Tsaya a Ƙofar Kwaya ta birnin Katsina da yamma ka tambayi duk wani mai furfura ko ya san Kasagi, kafin ya amsa za ka ga murmushi. Wannan shi ne sunan da marigayi Umaru Ɗanjuma Katsina ya yi fice da shi a wasan kwaikwayo, har ya kusa danne na yanka.

Yana cikin 'yan wasan da suka yi tashe a rediyo da talabijin tun ba a san Kannywood ba. Abin da ya bambanta shi da yawancinsu shi ne alƙalami. A 1979 kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya ya buga wasansa, Kulɓa Na Ɓarna, kan yadda masu hannu da shuni ke ruɗar 'yan mata 'yan makaranta da kuɗi. Daga baya Hukumar Fina-finai ta Najeriya ta mai da shi fim, Brendan Shehu ya ba da umarni.

Ta wannan littafi, da ya shiga makarantu, Kasagi ya zama malamin dubban ɗaliban da bai taɓa gani ba. Malamin Hausa zai raba rawa, a tura tebura gefe, yaro ya ari babbar rigar babansa ya zama Alhaji, tana jan ƙasa, aji ya kece da dariya. A nan ake koyon ɗaga murya, da lokacin yin shiru, da cewa ba a juya wa 'yan kallo baya. Yawancin 'yan fim na yau kuwa a gaban kyamara suke fara koyo.