Taron Masana ta Intanet: Ƙofar da Bai Kamata a Sake Rufewa Ba

A ƙarshen watan Fabrairun 2020, Ƙungiyar Masana Fiziks ta Amurka ta soke babban taronta na birnin Denver saboda annobar korona, alhali wasu mahalarta sun riga sun iso. Da Afrilu ya kama, sai ta gudanar da taronta na gaba ta intanet, kuma kyauta. Fiye da mutum 7,000 suka yi rajista, kusan ninki huɗu na waɗanda suka saba halarta. Ƙungiyar Nazarin Afirka ta Amurka ma ta bi sahu a 2020 da 2021, kafin ta koma zauren otal a Filadelfiya a 2022.

Wannan komawar ce ke damuna. Shekara da shekaru ana taro a kan Afirka a ƙasashen da ɗan Afirka ke shan wahalar shiga. A 2018 an hana wasu masana bizar halartar taron nazarin Afirka a Birmingham ta Ingila, duk da takardun gayyata a hannunsu. Ga kuɗin jirgi, ga na masauki, ga na rajista, duk da kuɗin waje, alhali albashinmu da naira ake biya. Shekarun nan biyu sun nuna cewa ɗalibin digiri na uku a Zariya ko Yamai zai iya gabatar da maƙalarsa gaban manyan fanninsa ba tare da ya roƙi kowa biza ba.

Masu suka na cewa albarkar taro tana cikin hirar da ake yi a bakin zaure lokacin shan shayi, inda ake samun abokin bincike ko editan mujalla. Gaskiya ne, Zoom bai maye gurbin wannan ba. Na san kuma yadda ɗaukewar wuta ke katse mutum yana tsakiyar magana, da yadda zaman ƙarfe huɗu na yamma a Washington ke zama goman dare a Kano. To, amma wanda aka hana biza ai bai taɓa shan shayin nan ba.

Abin da ya fi muni shi ne taron haɗin gambiza, inda na nesa ke biyan kuɗi su yi kallo, a manta da tambayoyinsu. A ganina, kowane zama ya kamata a ba shi mai kula da na nesa, a daidaita kuɗin rajista da ƙarfin kowace ƙasa, a kuma bar kowane mamba ya zaɓi shugabanni daga inda yake. Ƙungiyoyinmu na nazarin Hausa, masu mambobi daga Sakkwato har Hamburg da Warsaw, su ya fi dacewa su fara.