Haske Kafin Nisa: Gilashin da Ya Dace da Mai Hoton Biki

Duk wanda ya taɓa karɓar hotunan biki ya san yadda suke rabuwa gida biyu. Waɗanda aka ɗauka da rana a tsakar gida, wajen kamu ko wuni, sukan fito tas, har adon leshin amarya ana iya ƙirgawa. Na dare kuwa, lokacin da ango da amarya suka fito fili a zauren dina ana yi musu liƙi, sai ka ga fuska ta yi dishi-dishi, hannun mai liƙi ya koma kamar hayaƙi, fata ta yi yashi-yashi. Galibi kyamara ake ɗora wa laifi, shi ma mai hoton ya shiga tara kuɗin sabuwa. Alhali sau da yawa matsalar tana jikin gilashin da ke gaban kyamarar, wanda masu sana'ar ke kira lens. A ganina, mai ƙaramin jari da ke aikin dare ya kamata ya zuba kuɗinsa a kan gilashin da ke shan haske da yawa, ko da zuƙowarsa ba ta da nisa.

Hujjar tana rubuce a jikin gilashin. Yawancin kyamarori irin su Canon 700D ko Nikon D3200 sukan zo da gilashi mai rubutun 18-55mm da 1:3.5-5.6. Lambobin farko suna nuna iyakar faɗi da iyakar zuƙowa. Na biyun suna magana ne a kan ƙofar da haske ke bi ya shiga, kuma lissafinsu a juye yake, domin ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. Ana samun lambar ne idan aka raba tsawon gilashin da faɗin ƙofar. Gilashi mai milimita 50 da ke kan f/5.6 ƙofarsa ba ta wuce milimita 9 ba, a f/2.8 kuwa takan kai kusan 18. Da yake ƙofar da'ira ce, idan faɗinta ya ninka sau biyu, hasken da ke shiga ya ninka sau huɗu. Abin takaicin shi ne gilashin da ya zo da kyamara yana rage shan haske da kansa daga 3.5 zuwa 5.6 da zarar an zuƙo, wato a daidai lokacin da ake son kusanto da fuskar amarya.

Ninki huɗun nan ne ke raba hoton da za a rataye a falo da wanda za a goge. A ce a wani zaure gilashin f/5.6 ya tilasta wa kyamara ta bar idonta a buɗe na kashi ɗaya cikin 60 na daƙiƙa. A wannan ɗan lokacin mai rawa ya riga ya juya kai, mayafi ya motsa, hoto ya ɓaci. Da f/2.8, a hasken nan dai, ana iya ƙiftawa a kashi ɗaya cikin 250, saurin da ke tsayar da mafi yawan motsin filin rawa. Ko kuma a sauko da ISO, wato ma'aunin ƙarfin jin hasken kyamara, daga 6400 zuwa 1600, kuma duk mai tsohuwar kyamara ya san a wannan tazarar ne yashi-yashin ke raguwa, launin fata ya dawo.

A kasuwa kuma nisa ne ke jan ido. Gilashi mai 18-200mm ko 75-300mm yana da kwarjini, mai saye ya leƙa ya hango rubutun allon da ke tsallaken titi, ya ji ya samu kaya. To amma na farkon yakan ƙare a f/5.6 ko f/6.3, na biyun a f/5.6. Biki kuwa ba filin ƙwallo ba ne. Mai hoto yana da izinin ratsa jama'a ya tsaya taku biyar daga amarya, don haka ƙafarsa za ta biya masa nisan da ya rasa. Hasken da bai shiga ba kuwa, ba yadda za a yi da shi.

Gilashin da ake nema shi ne wanda ke riƙe f/2.8 daga farko har ƙarshe, kuma ba dole sai na kamfanin da ya ƙera kyamarar ba. A 2006 Canon ya fitar da 17-55mm f/2.8, a shekarar kuma Tamron na Japan ya kawo 17-50mm f/2.8 a kan kuɗin da bai kai rabin na Canon ba. Sigma ya biyo da nasa 17-50mm f/2.8 a 2010. Na Tamron da na Sigma sun tsufa, shi ya sa na hannu suke da sauƙi, kuma har yau suna aiki. Masu sababbin kyamarori marasa madubi suna da Sigma 18-50mm f/2.8 na 2021, mai nauyin giram 290 kacal. Sai dai a kula da 28-75mm f/2.8, wanda shi ma yana da araha: an yi shi ne don manyan kyamarori, a kan ƙaramar Canon irin 700D kuwa 28 ɗin yakan koma kamar 45, ta yadda ba za ka iya haɗa dangin ango a hoto ɗaya cikin ɗaki ba sai ka jingina da bango.

Wani zai ce ai filas ya raba gardama. Filas kayan aiki ne da bai kamata mai hoton biki ya rasa ba, amma idan shi kaɗai aka dogara da shi, fuska takan yi fari fat, bayanta ya yi baƙi ƙirin, fitilun ado da aka kashe wa kuɗi su ɓace. Harba shi sama don ya dawo a tausashe yana buƙatar farin silin mai kusa, abin da babu a ƙarƙashin rumfa ko a fili. Sannan kyamara tana neman saiti ne da hasken da gilashi ya shigo da shi kafin filas ya tashi, shi ya sa mai ƙaramar ƙofa ke ta kai-kawo a duhu har amarya ta wuce. Wani kuma zai nuna alamar IS ko VR ko VC, wato na'urar hana rawar hannu. Tana da amfani, musamman ga bidiyo, amma hannun mai hoto kawai take tsayarwa, ba ta da iko a kan mai rawa.

Ƙorafin da ya fi ƙarfi shi ne na gilashin 50mm f/1.8, wanda ba ya zuƙowa. Ya fi araha nesa ba kusa ba, kuma yana shan haske fiye da ninki biyu na f/2.8. Wanda kuɗinsa bai kai ba, ya fara da shi, ba zai yi nadama ba. Amma biki ba ya jira. Yanzu ana yanka kek, kafin ka ankara ƙawayen amarya ashirin sun jeru suna kiranka, kuma a kan ƙaramar kyamara 50mm ya yi tsukuku ga wannan. Sauya gilashi a tsakiyar taro, musamman cikin ƙurar hunturu, asarar lokaci ce da buɗe wa datti ƙofa. Akwai Sigma 18-35mm f/1.8 na 2013 da ya haɗa zuƙowa da babbar ƙofa, sai dai ya fi tsada, ga nauyin giram 810 a wuya tun daga la'asar har dare.

Wanda zai sayi na hannu ya tafi da kyamararsa. Ya haska tocilar waya ta bayan gilashin ya leƙa ta gaba: 'yar ƙura ba komai ba ce, amma zare-zare kamar saƙar gizo fumfuna ce da danshin damina ya haifar, kuma yaɗuwa take yi. Mai Nikon D3200 ko D5300 ya tabbatar gilashin yana da injin saiti a cikinsa, domin Tamron 17-50mm na farko ba shi da shi, a kan waɗannan kyamarori sai dai a saita da hannu. Daga nan ya nemi lungun da ya fi duhu a shagon, ya buɗe zuwa f/2.8, ya ɗauki fuskar mai shagon a 17 da kuma 50, ya faɗaɗa hoton a allo ya duba ko gashin ido ya fito.