Odar moto ta dushe: me ya kamata mu yi?

Yau za mu yi magana a kan wani ƙaramin abu da ke jikin moto, wanda ba a tunawa da shi sai ranar da ya ƙi aiki. Wannan abu shi ne oda, wadda wasu ke kira ham.

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Jiratawa da sassafe ya san yadda take. Manoma suna fitowa daga gonakin rani da buhunan zogale, da tumatir, da albasa, sun ɗaure su a bayan moto, suna sauri su isa Maraɗi kafin rana ta yi zafi. A kan hanyar akwai amalanken shanu, da jakuna, da mata masu tallar nono, da yara masu zuwa makaranta. Haka hanyar Tsibiri take, ga kuma manyan motoci masu zuwa Ƙonni da Yamai. Ranar Litinin da ranar Juma'a kuwa, ranakun cin babbar kasuwar Maraɗi, sai dai a ce Allah ya tsare.

A irin wannan wuri, oda ita ce bakin mai moto. In ta dushe, ya zama bebe a tsakiyar taro.

Me ya sa abin ya dame mu?

Moto mai gudun kilomita 40 a awa tana cin mita 11 a daƙiƙa ɗaya, wato kafin mutum ya gama cewa salamu alaikum. Idan yaro ya juya baya yana kora akuya, bai ji odarka ba sai da ka zo daf da shi, to lokacin kaucewa ya wuce. A shekarar 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa mutum kusan miliyan 1 da dubu 190 ke mutuwa kowace shekara a haɗarin hanya. Fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne, da masu keke, da masu moto. Ke nan mu ne, da ƴaƴanmu.

Yadda oda take yin kuka

A cikin oda akwai wani faifan ƙarfe marar kauri. In ka danna madanni, wuta ta taso daga batir ta bi waya, sai maganaɗisu ya riƙa jan faifan yana saki da sauri ƙwarai. Wannan rawa ita ce kukan da muke ji. Kamar fatar ganga ce. In mai kiɗa ba shi da ƙarfi, ko tsarkiya ta saki, ko wani ya dafa fatar, ganga ba ta kai sauti nesa.

Saboda haka, odar da ta dushe sau da yawa ba mutuwa ta yi ba. Ko dai wuta ba ta isa gare ta sosai, ko wani abu ya hana ta rawa. Kada mu yi gaggawar sayen sabuwa. Mu bi abin daki-daki, mu fara da mai sauƙi.

Na 1: batir

Tayar da moto, ka danna oda. Sa'an nan ka ƙara wuta, ka sake dannawa. In kukan ya ƙaru da ka ƙara wuta, ya ragu da ka saki, to batir ne ya gaji. Haka kuma in fitila ta dushe a lokacin da ka danna oda. Makanike yana da abin awon wuta. Cikakken batir mai alamar 12V yana nuna wajen 12,6. In ya nuna ƙasa da 12, yana son caji. Tsofaffin motoci da yawa batirinsu 6V ne, cikakkensa yana nuna wajen 6,3.

In batirin mai ruwa ne, duba ko ruwan ya sauka ƙasa da layi. Zafin watan Afrilu da Mayu yana shanye shi da wuri. A ƙara masa tataccen ruwan da ake sayarwa domin batir. Ban da ruwan rijiya, domin gishirin da ke cikinsa yana kashe batir.

Akwai tsofaffin mobilet marasa batir. Odarsu daga injin take samun wuta, don haka ba ta da ƙarfi in ana tafiya a hankali. Wannan halinta ne.

Na 2: wayoyi

Dubi kan batir. In ka ga farin gari ko kore ya taru, kwance wayar da ke gefen alamar (–) tukuna, sa'an nan ta gefen (+). Kankare su har ƙarfe ya yi haske, ka mayar, ka ɗaure tamau. Yi haka ga wayoyin da ke bayan oda, da wayar da ke manne da jikin ƙarfen moto. Taɓon damina da ruwan wanki suna kawo tsatsa, tsatsa kuwa tana tare wuta kamar yadda yashi ke toshe hanyar ruwa a gonar rani. In fis ya ƙone, a sa wani irinsa. Kada a ɗaura waya a madadinsa, hakan yana iya jawo gobara.

Na 3: madanni

Ƙurar hunturu tana shiga cikin madannin da ke hannun moto. Alamarsa ita ce, oda ta yi kuka yanzu, an jima ta ƙi, ko kuwa sai ka danna da ƙarfi. A buɗe shi a kan tsumma don kada ƙananan kayan cikinsa su ɓace a ƙasa. A goge inda ƙarfe ke haɗuwa da ƙarfe, a rufe.

Na 4: ita kanta odar

Ga gwajin da ke raba gardama. A ja wayoyi 2 daga batir kai tsaye zuwa oda. In ta yi kuka da ƙarfi, lafiyarta lau, laifin yana ga waya ko madanni. In har yanzu muryarta a shaƙe take, to ciwon a jikinta yake.

Duba ko ta lanƙwashe ta jingina da wani ƙarfe, ko igiyar kaya ta danne ta, ko laka ta bushe a bakinta. A bayan yawancin odoji akwai ƴar ƙusar saiti. Yi mata alama, ka murɗa ta kaɗan, kamar kwatan zagaye, ka gwada. In kukan ya ragu, koma ɗaya gefen. In duk wannan bai yi ba, sai a saya sabuwa. Amma a karanta abin da aka rubuta a jikinta. Oda mai 12V ba za ta yi kukan kirki a moto mai 6V ba. Ga amfanin karatun da muka koya.

Mu kula da lafiyarmu wajen gyara

Ruwan da ke cikin batir yana ƙona fata, yana makantar da ido. In ya fantsama a ido, a yi ta wankewa da ruwa mai tsabta har minti 15 ko fiye, a tafi gidan likita nan da nan. Kada a sha taba ko a ƙyasta ashana kusa da batir, domin yana fitar da iska mai kama wuta. A cire zobe kafin a taɓa shi. Tsohon batir kuma yana da darma mai guba. Kada a bar wa yara shi su yi wasa, kada a jefar da shi kusa da rijiya.

Bayan gyara

Oda gargaɗi ce kawai, ba ta tsayar da moto. In ka hango yara ko dabbobi, rage gudu tukuna, ka yi oda tun daga nesa. In ka bari sai ka zo gindin sa ko jaki, zai firgita ya faɗo maka. A rage yawan oda kusa da gidan likita da makaranta. A sa hular kwano, mai tuƙi da wanda aka goya.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kowace safiya, kafin mu ɗaura kaya, mu taka birki, mu kunna fitila, mu danna oda sau ɗaya a ƙofar gida. In maƙwabci bai ji ba daga zaurensa, yaron da ke kan kwalta ma ba zai ji ba. Ranar nan, a fara biyawa wurin makanike kafin kasuwa.

Wanda ya karanta wannan, ya karanta wa ɗan uwansa da bai fara zuwa ajin yaƙi da jahilci ba. Allah ya kai mu lafiya, ya maido mu ga iyalinmu lafiya.