Wahalar Auna Amfanin Kiɗa ga Marar Lafiya

Idan masana za su gwada sabuwar ƙwayar magani, sukan raba marasa lafiya gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Wasu a ba su maganin gaske, wasu a ba su ƙwaya mai kama da shi wadda babu komai a cikinta, kuma daga majinyaci har likita ba wanda ya san wa ya sha me. To, yaya za a yi wa kiɗa haka? Wanda aka kaɗa wa jita ya san an kaɗa masa, wanda aka bari shiru shi ma ya sani. Sa rai da samun sauƙi kuwa, shi kaɗai yakan sa mutum ya ce ya ji dama-dama.

Kuma ba a ma daidaita kan abin da ake aunawa ba. Sanya wa majinyaci waƙa a kunne daban, zama da ƙwararren mai jinya da kiɗa daban, inda ake buga ganga tare, ana rerawa, ana shaƙuwa mako bayan mako. In an ga canji, kiɗan ne ya kawo shi ko kulawar wannan mutumin? Ƙwaya tana da awo, amma kiɗa fa? Sautin da zai kwantar wa ɗan Norwe hankali ba lalle ya taɓa zuciyar wanda ya tashi da goge da kalangu ba.

Wani babban gwaji da aka jagoranta daga birnin Bergen na ƙasar Norwe ya fito da matsalar fili. An ɗauki yara 364 masu lalurar galahanga, 'yan shekara 4 zuwa 7, daga ƙasashe 9. Bayan wata 5, sakamakon da mujallar JAMA ta buga a 2017 bai nuna wani bambanci na a-zo-a-gani ba tsakanin waɗanda aka ƙara wa jinyar kiɗa da waɗanda ba a ƙara wa ba. Sai dai ma'aunin da aka yi amfani da shi, asalinsa na gano lalurar ne, saboda haka masu suka suka ce ba zai kama ƙananan canje-canje a rayuwar yaro ba. A ganina suna da hujja, amma kushe ma'auni bayan sakamako ya fito ba ya zama shaidar cewa jinyar ta yi aiki.

Gaggawa ma takan yi ɓarna. A 1993 an gwada ɗalibai 36 a wata jami'ar Kalifoniya, aka ga sauraron kiɗan fitaccen makaɗi Mozart na minti 10 ya ɗan ƙara musu ƙwazo a wani nau'in gwaji, na ɗan taƙaitaccen lokaci. Kafin ka ce kwabo, labari ya koma cewa kiɗan yana ƙara wa jarirai basira, har gwamnan jihar Jojiya ta Amurka ya nemi kuɗi a 1998 don raba faifai ga kowane jariri. Binciken da ya biyo baya bai tabbatar da zancen ba.

Inda shaida ta fi ƙarfi shi ne tiyata: nazarin gwaje-gwaje 73 da mujallar Lancet ta buga a 2015 ya nuna kiɗa na rage zafi da fargaba, ko da yake bai rage kwanakin zaman asibiti ba. Don haka, mai karatu, in ka ji an ce bincike ya nuna kiɗa na warkar da cuta kaza, ka tambaya: mutum nawa aka gwada, da su wa aka kwatanta su, kuma wa ya auna sakamakon? Kada kuma ka ajiye maganin da likita ya rubuta maka saboda irin wannan labari.