Shirin Tafiya Mai Nisa A Tsohuwar Kombi

Dattawan Kano ba su manta ba da Turawan nan da suka riƙa isowa a shekarun 1960 da 1970, sun ƙetaro Sahara ta Tamanrasset da Agadas da Damagaram, cikin wata ƙaramar mota mai gado da risho da labule. Ita ce Kombi ta kamfanin Volkswagen. An fara ƙera ta a Jamus a 1950, kamfanin Westfalia kuwa ya soma mai da cikinta ɗakin kwana a 1951. Ta ƙarshe ta fito a Barazil a 2013. Har wa yau akwai masu riƙe da tsofaffinta, suna fita yawon duniya da su. To, yaya ake shirya motar da ta ba shekara 50 baya?

Abin da za a fara sani shi ne, injin tsohuwar Kombi a baya yake, kuma ba shi da lagireto. Iska ce ke sanyaya shi. Fanka guda ke hura iskar, fanbel guda kuma ke juya ta tare da dinamo. Saboda haka in jar fitilar caji ta kama ana cikin tafiya, direba ya tsaya nan take, kada ya ce bari ya kai gari na gaba. Watakila fanbel ne ya tsinke, kuma cikin 'yan mintoci inji zai ƙone. Lalle a tafi da safaya.

Zafi dai shi ne babban abokin gābar wannan inji. Akwai faifan ƙarfe da roba kewaye da shi, waɗanda ke raba iska mai sanyi ta sama da mai zafi ta ƙasa. Wani makaniki ya kan cire su ya yar, wai ba su da amfani. A ganinmu wanda ya yi haka bai san motar ba, gama inji zai koma shaƙar hucin kansa. A samfurin da ya riga na 1971, silinda ta 3 ta fi sauran ɗaukar zafi, domin ma'ajin sanyaya mai yana tare mata iska, kuma bawul ɗinta ne ya kan fara lalacewa. Don haka ake saita bawul da safe, inji na sanyi, a bar ratar milimita 0.15. Baƙin man da injin 1600 ke ɗauka lita 2.5 ne kacal, matatarsa kuwa 'yar raga ce, sai a juye shi kowane mil 3,000.

Sa'an nan batun gobara, wadda ta cinye Kombi masu yawa. Tankin fetur yana dab da inji, tiyon roba kuma ya kan bushe ya tsage da tsufa, balle fetur na zamani da ake gauraya wa sinadarin itanol a ƙasashe da dama, mai cin tsohuwar roba. A sake kowane tiyo, ko da ido bai ga aibinsa ba, a ɗaure bakinsa da kyau. Abin kashe wuta ya zauna kusa da hannun direba, ba can ƙarƙashin katifa ba.

Man birki yana shan laima, a sake shi. Taya kuwa kada zanenta ya ruɗi mutum: akwai lambobi huɗu a gefenta masu nuna mako da shekarar ƙira. A leƙa ƙasan mota a ƙwanƙwasa, domin tsatsa ta kan ɓuya bayan sabon fenti.

Inda aka fi yin ganganci shi ne wajen kaya. Mai motar yana ganin fili sai ya cika ta da jarkoki da tukwane da kujeru, har da lodi a kan rufi, alhali ƙarfin injin bai wuce na doki 50 ba. Ruwa kaɗai, kowace lita kilo guda ce. Mai nauyi ya zauna ƙasa tsakanin tayoyin gaba da na baya, gudu kuma kada ya zarce mil 55 a sa'a.

Muna ba da shawara, kafin ranar tashi a ɗora kayan duka yadda za a tafi da su, a yi zagayen gwaji na kwana biyu, a hau tudu da tsakar rana, a kwana cikin motar. Da safe a duba ƙasa inda ta tsaya, a ga ko wani abu ya ɗiga.